Kwarin Preshevo: Yadda ake kashe wa mutum adireshi yana raye

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun sha muhawara kan Sabiyawan arewacin Kosovo, amma ba wanda ya waiwayi ɗaya gefen iyakar, inda Albaniyawa ne tsiraru a cikin Sabiya kanta. Ƙananan hukumomi uku ne a kudancin ƙasar: Preshevo, Buyanovats da Medveja. A dunƙule ana ce musu Kwarin Preshevo, ko da yake Medveja tana can gefe cikin duwatsu, ba ta ma haɗa iyaka da sauran biyun ba.

Ƙidayar 2002 ta nuna Albaniyawa 61,647 a Sabiya, ban da Kosovo. Ta 2022 ta nuna 61,687. Wanda ya kalli lambobin nan biyu zai ce ai ba abin da ya motsa. To amma a raba su gari-gari a gani. A Medveja, a 2002 sun haura 2,800, wato kashi 26 cikin ɗari na mutanen ƙaramar hukumar. A 2022 kimanin 900 aka samu. Tambayata ita ce: da ƙafarsu suka tafi, ko biro ne ya kore su?

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka fara da hukunci kafin shari'a. Kudancin Sabiya gaba ɗaya zubewa yake yi. Ƙasar ta yi asarar mutum kusan rabin miliyan tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2022, daga miliyan 7.2 zuwa wajen 6.6. Ita Medvejar da kake magana, daga mutum dubu goma da ɗari bakwai a 2002 ta koma dubu shida da 'yan kai a 2022. Sabiyawan garin su ma sun watse zuwa Leskovats da Nish da Belgired. Ƙauyen dutse ne, ban da ma'adinan Lece da wurin wankan ruwan zafi na Siyarinska Banya ba wani abin kirki. Yunwa ba ta tambayar ƙabila.

Barista Zainab:
Ranka ya daɗe Alhaji, gaskiyarka kan hijira, amma abu biyu ne daban. Akwai wanda ya tafi neman abinci sunansa na nan a rajista, akwai wanda ya tafi aka share sunan. A kan na biyun ake rigima.

Dokar ita ce ta mazauni ta shekarar 2011. Ta raba zama gida biyu: mazaunin dindindin, wanda suke kira prebivalishte, da zaman wucin gadi, boravishte. Sashe na 18 ya ba 'yan sanda ikon zuwa su duba ko mutum yana zaune da gaske a adireshin da ya rubuta. Kotu na iya neman a duba, wata ma'aikata na iya nema, kai ko mai gidan haya na iya nema. In suka tabbatar ba ya nan, sai a fitar da takardar hukunci a daskarar da adireshin. Da Sabiyanci pasivizatsiya ake cewa. Ni na fi son in ce kashe adireshi, don abin da yake faruwa ke nan. Daga ranar da takardar ta iso hannunsa yana da kwana 8 ya rubuta inda yake zaune yanzu.

A takarda ba laifi. An yi dokar ne don mai haya da ya tashi shekara biyar amma wasiƙun kotu da na bashi na ta zuwa gidan mutane. Matsalar tana ga abin da ke rataye a jikin adireshin. Katin shaidar ɗan ƙasa na babba shekara 10 yake yi, kuma ba a sabunta shi sai da adireshi mai rai. Ba kati, ba fasfo. Ba kati, ba rajistar mota, ba sabunta katin inshorar lafiya, ba kuɗin tallafin yara, sannan maganar fansho da gadon gona duk sun cije. Kundin masu zaɓe kuwa guda ɗaya ne a ƙasar, kuma daga bayanan mazauni na 'yan sanda ake cika shi. Adireshi ya mutu, suna ya faɗi daga kundin. Ba wanda ya ƙwace maka zama ɗan ƙasa, kana nan ɗan Sabiya, amma ba ka da takardar da za ka nuna.

Ɗan Auta:
Anti Barista, a yi mini uzuri. Ai sai mutum ya je ya rubuta sabon adireshin cikin kwana takwas ɗin. Ina wahalar?

Barista Zainab:
A nan gizo ke saƙar, ƙanena. Ka tambayi kanka ina mutumin yake zaune. In a Zurik ta Suwizalan yake ko Shtutgart ta Jamus, doka ta yi masa hanya: duk wanda zai yi fiye da kwana 90 a ƙasar waje ya sanar da 'yan sanda kafin ya tafi, adireshinsa na gida ya ci gaba da zama nasa. Amma da yawa daga mutanen Medveja ba Turai suka tafi ba, Pirishtina babban birnin Kosovo suka koma, wadda ta fi musu Belgired kusa nesa ba kusa ba. Mutanen Buyanovats da Preshevo kuma Jilan, ita ma a Kosovo. To a idon tsarin mulkin Sabiya, Kosovo ba ƙasar waje ba ce, lardinta ne, saboda haka ba zai cika takardar tafiya waje ba. Kuma ba ofishin 'yan sandan Sabiya a Pirishtina da zai shiga ya ce ga sabon gidana. A can Kosovo kuma baƙo ne, kuma baƙo ba ya samun izinin zama sai da fasfo mai rai. Gaba kura, baya siyaki.

Abu na biyu shi ne isar da takardar. Rahoton da Kwamitin Helsinki na kare haƙƙin ɗan Adam a Sabiya ya fitar a 2021 ya kawo ƙorafin mutane da dama cewa ba a taɓa ba su hukuncin a rubuce ba. Sai sun je sabunta kati, ko ranar zaɓe sun nemi sunansu sun rasa, sannan ma'aikaci ya gaya musu da baki. Wanda ba shi da takardar hukunci a hannu, me zai ɗaukaka ƙara a kai? Kwamitin nan, wanda 'yan Sabiya ne da kansu, shi ya kira abin share ƙabila ta hanyar aikin ofis.

Alhaji Tanko:
Kalmar ta yi nauyi. Mun ga abin da ake kira share ƙabila a Bosniya, ba wannan ba ne. Kuma Barista, kin tsallake wani abu. Tun Disamba 2009 mai fasfon Sabiya ke shiga ƙasashen Shengen na Turai ba biza. Mai fasfon Kosovo bai samu wannan ba sai 1 ga Janairu 2024. Shekara 14 ke nan adireshi a Medveja yana da daraja ga wanda rayuwarsa kacokan tana Pirishtina. Gwamnati za ta ce gida ɗaya an rubuta mutum goma sha biyar, an je an tarar da ƙofa a kulle ciyawa ta cinye tsakar gida. Wace hukuma ce za ta ƙyale?

Dokta Ilu:
Alhaji ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma ita ce hujjar ma'aikatar cikin gida ta Sabiya: doka ɗaya ce ga kowa, kuma an kashe adireshi a Belgired da Novi Sad fiye da na kudu in ana maganar yawan lamba. Amma ba haka ake auna irin wannan ba. Ba a kwatanta lamba da lamba, sai kaso da kaso. Birni mai mutum miliyan ɗaya da rabi da ɗoriya in an kashe adireshi dubu goma, ɗigo ne. Ƙaramar hukuma mai mutum dubu bakwai in an kashe dubu biyu, an canza ta.

Sannan akwai gwaji mai sauƙi. A ɗauki ƙananan hukumomin da suka fi kowa zubar da mutane, kamar Tsirna Trava, wadda mutanenta ba su kai dubu biyu ba yanzu, ko garuruwan gabas irin su Negotin da Kuchevo inda gidaje masu hawa uku ke kulle wata goma sha ɗaya a shekara saboda masu su na Ostiriya. Da dalilin shi ne kullen ƙofa kawai, da can ne za a ga kaso mafi yawa. Wata mai bincike, Flora Ferati-Sachsenmaier, ta bi kundin masu zaɓe na Medveja shekara-shekara, ta ce Albaniyawa fiye da 4,000 aka cire a shekarun da suka biyo bayan dokar. Alƙaluman gwamnati sun gaza haka sosai. Amma ko da na gwamnatin aka ɗauka, Medveja ta yi wa sauran ƙasar fintinƙau in an raba da yawan jama'a. Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa majalisar Tarayyar Turai a 2021 ta nemi a yi bincike mai zaman kansa.

Wani zai ce ta yaya za a cire dubu huɗu a inda ƙidaya ta ce dubu biyu da ɗari takwas ne. Amsa: ƙidaya tana lissafa wanda ke kwana a garin, kundin zaɓe yana lissafa wanda ke da adireshi. Da yawa sun bar Medveja tun 1999 lokacin yaƙi, kafin ƙidayar 2002, amma ba su saki adireshin ba.

Alhaji Tanko:
To ka ga ka dawo kan maganata, Dokta. Ba sa nan.

Dokta Ilu:
Ba sa kwana nan, Allah ya ja zamaninka. Amma gonar tasu ce, gidan nasu ne, kabarin iyayensu na nan, da rani suna dawowa. Mutumin Negotin da ke Biyana ta Ostiriya shi ma ba ya kwana Negotin, kuma yana zaɓe.

Ɗan Auta:
Ni fa har yanzu ban gane yadda aka yi suka zama cikin Sabiya ba tunda Kosovo na maƙwabtaka da su.

Malam Habu:
A taƙaice: Preshevo da Buyanovats suna ƙarƙashin Daular Usmaniyya har 1912, lokacin yaƙin Balkan na farko, Sabiya ta karɓe su. Medveja tun 1878 ta shiga. Bayan yaƙin duniya na biyu da aka zana iyakar lardin Kosovo a Yugoslabiyar Tito, sai aka bar su a waje. Dalilin da aka fi kawowa shi ne hanya: titi da layin dogo daga Belgired zuwa Skopiye babban birnin Masedoniya har tashar ruwa ta Tasalonika a Girka ta cikin kwarin suke bi. Har yau babbar hanyar E75 ta nan ta ratsa, kuma ta nan ne dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Siriya da Afganistan suka shigo a 2015.

A Maris 1992 Albaniyawan yankin suka yi ƙuri'ar raba gardama ta kansu suna neman cin gashin kai da damar haɗewa da Kosovo. Belgired ba ta amince da ita ba. Bayan yaƙin 1999, yarjejeniyar Kumanovo da aka yi da NATO ta ware zirin kilomita 5 a gefen iyaka inda sojan Yugoslabiya ba zai shiga ba, sai 'yan sanda da ƙananan makamai. A cikin zirin nan wata ƙungiyar 'yan tawayen Albaniyawa, UCPMB, ta kafu. An yi ta ba-ta-kashi har Mayu 2001, aka sa hannu a ƙauyen Konchul, suka ajiye makamai, aka yi musu afuwa, soja ya koma zirin da amincewar NATO. Abin da aka yi musu alkawari shi ne shirin Neboisha Chovich, mataimakin firaminista a lokacin: a shigar da su aikin gwamnati, a kafa 'yan sanda na haɗin ƙabilu, a raya yankin. An horar da 'yan sandan da taimakon OSCE, ƙungiyar tsaro da haɗin kai ta Turai, kuma a 2002 Buyanovats ta samu shugaba Ba'albaniye karo na farko. Aka sake wani shiri mai maki bakwai a 2013. Kusan duk abin da ke cikinsa shi ne dai abin da suka fito zanga-zanga a kai a 2024 a garuruwan uku.

Malama Rabi:
Ku bar ni in shigo da maganar makaranta, don a ganina ita ce ke haifar da kullen ƙofar da Alhaji ke magana.

Yaro a Preshevo yana karatu da Albaniyanci tun daga aji ɗaya har ƙarshen sakandare. Wannan haƙƙi ne na gaske, ana kuma aiki da shi, a yaba inda ya kamata. Sabiyanci darasi ne guda, sa'o'i kaɗan a mako, kuma shekaru da dama ana koyar da shi kamar yaron ya riga ya iya, ana ba shi tsofaffin waƙoƙi da nahawu alhali bai iya tambayar farashin burodi ba. Garin kuma kashi 90 da wani abu Albaniyawa ne, ba inda zai ji harshen. Iyayensa sun iya saboda aikin soja na dole da masana'antun zamanin Yugoslabiya. Shi ba ko ɗaya.

Ya gama sakandare, ina zai je? Nish ba ta da nisa amma da Sabiyanci ake karatu. Sai ya nufi Pirishtina ko Jilan, ko Tetovo a Masedoniya ta Arewa, ko Tirana a Albaniya. Digirin Tirana da na Tetovo ana iya kai su a tantance a amince da su, da jinkiri da kuɗin fassara. Digirin Pirishtina kuwa yana ɗauke da hatimin Jamhuriyar Kosovo, wanda ma'aikacin Sabiya ba zai karɓa ba don karɓarsa kamar amincewa da ƙasar ne.

An yi dabara a 2011 a tattaunawar Burasels tsakanin Sabiya da Kosovo: ƙungiyar jami'o'in Turai ta tantance digirin ta ba da tata takarda mara hatimin kowa, sai a kai wannan. Kotun tsarin mulkin Sabiya ta rushe dokar da aka kafa tsarin a kanta a 2014. Aka sake yarjejeniya a 2016. Aka sake sa shi cikin takardar Washintan ta Satumba 2020. Aka sake sa shi a sashe na farko na yarjejeniyar Sabiya da Kosovo ta 2023, tare da fasfo da lambar mota. An yi ba a yi ba. Likita ko malamar da ta gama a Pirishtina ba za ta samu aiki a asibitin garinsu ba, sai ta zauna inda takardarta ke aiki. Ta yi aure can, ta kama haya. Bayan shekara uku ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gidan mahaifinta da hantsin ranar Talata, ba ta nan. Kun ga yadda igiyar ta zagayo.

Dokta Ilu:
Malama, ki ƙara da reshen jami'a na Buyanovats, don kada a ce mun ɓoye.

Malama Rabi:
Haka ne. A 2011 tsangayar tattalin arziki ta Subotitsa, ta jami'ar Novi Sad, ta buɗe reshe a Buyanovats, ana koyarwa da harsuna biyu, da goyon bayan babban kwamishinan OSCE kan tsiraru. Abu ne mai kyau, digirinsa ba gardama. Amma fanni ɗaya ne. Ba kowa ne zai zama akanta ba. Ba likitanci, ba injiniyanci.

Littattafai ma haka. Majalisar da ke wakiltar tsirarun Albaniyawa a Sabiya, wadda aka fara zaɓa a 2010 ƙarƙashin dokar 2009, ita ke ba da shawara kan littafin da za a yi amfani da shi, ma'aikatar ilimi ta sa hannu. Lissafi da kimiyya ba matsala, a fassara na Sabiya ko a shigo da na Albaniya. Tarihi da labarin ƙasa ne ƙashin wuya, saboda taswira ɗaya tak da ta nuna Kosovo a matsayin ƙasa ta isa a hana littafin. An taɓa aiko da littattafai daga Kosovo suka yi watanni a ma'ajin kwastan na Preshevo, daga baya aka mayar da su. A 'yan shekarun nan firamare ta samu sauƙi sosai. Sakandare, musamman ta koyon sana'a, har yanzu malami yakan fassara da kansa ya yi wa yara shifta.

Alhaji Tanko:
Na karɓi wannan, Malama. Amma ku faɗi laifin shugabanninsu ma. Wa ya ce su ƙaurace wa ƙidayar 2011? Aka fito da Albaniyawa 5,809 a duk ƙasar. Kason kuɗin da gwamnatin tsakiya ke tura wa ƙaramar hukuma da yawan jama'a ake lissafa shi, haka guraben aiki. Sun yi fushi da kaza sun zubar da tsaba.

Dokta Ilu:
Wannan kam kuskure ne, kuma sun gane, shi ya sa suka shiga ta 2022. Dalilansu a lokacin: takardun tambaya da Sabiyanci, masu ƙidaya ba 'yan gari ba, da batun ko za a lissafa 'yan ci-rani. Sai da aka kawo ƙwararru daga waje a 2015 suka yi ƙiyasi don a samu abin aiki da shi: Preshevo wajen 29,600, Buyanovats 38,300, Medveja 7,400. Shekara huɗu ana raba kuɗi da lambar da kowa ya san ba daidai ba ce. Ga kuma rarrabuwar jam'iyyu. A 2020 da suka haɗu a jeri ɗaya sun samu kujera 3 a majalisa mai kujera 250. Da suka rabu sai suka koma ɗaya, ta Shaip Kamberi. Alhali doka ta sauƙaƙa musu: jam'iyyar tsiraru ba ta buƙatar kashi 3 da ake nema ga sauran, kuma tun 2020 ana ƙara mata kashi 35 cikin ɗari a lissafin rabon kujeru.

Ɗan Auta:
To ni abin ya yi mini kama da rigimar ɗan ƙasa da baƙo a wajenmu, inda sai ka kawo takardar ƙaramar hukuma.

Barista Zainab:
Kama da wane ba ta wane ba ce. Namu tambayar ita ce ina kakanka ya fito, ko da kai a garin aka haife ka. Nasu akasin haka ne: ba wanda ke musun kakansa ɗan Medveja ne, tambayar ita ce ina ya kwana jiya. Abin da ya haɗa su kawai shi ne takarda ƙarama ta ofishin ƙasa-ƙasa ce ke buɗe manyan ƙofofi.

Kuma dokokin Sabiya a rubuce ba su da muni, wannan ne abin takaicin. Sashe na 77 na tsarin mulkin 2006 ya ce a lura da yanayin ƙabilun yanki wajen ɗaukar aiki a hukumomi. Sashe na 78 ya haramta duk matakin da zai canza yawan ƙabilu da gangan a inda tsiraru ke zaune tun asali, daidai da sashe na 16 na yarjejeniyar Majalisar Turai (Council of Europe) kan tsiraru wadda ƙasar ta shiga. Harshen tsiraru yana zama na hukuma a ƙaramar hukuma in sun kai kashi 15 a ƙidaya. Yanzu ku raba 900 da 6,360. Ya faɗi ƙasa da 15 da kaɗan. Albaniyanci bai fita daga Medveja ba, saboda sashe na 20 ya ce haƙƙin da aka riga aka samu ba a rage shi. Amma kun ga abin da lamba ke iya yi.

Malam Habu:
Shi ya sa nake kwatanta su da 'yan uwansu na Masedoniya ta Arewa. Su ma a 2001 suka ajiye makamai, wata uku bayan Konchul. Amma yarjejeniyar sulhunsu ta Ohrid ta 13 ga Agusta an shigar da ita cikin tsarin mulki: harshen da kashi 20 ke yi ya zama na hukuma, dokar da ta shafi harshe da ilimi da al'ada ba ta wucewa sai da rinjaye biyu, na majalisa da na wakilan tsiraru, jami'ar Tetovo da aka kafa ba izini a 1994 ta zama ta gwamnati a 2004. Har Ba'albaniye, Talat Jaferi, ya riƙe firaminista na riƙon ƙwarya a 2024.

Alhaji Tanko:
Malam, kashi 24 kake kwatantawa da ƙasa da kashi 1. A Skopiye ba a kafa gwamnati sai da jam'iyyar Albaniyawa. A Belgired ba wanda ke buƙatar kujera ɗaya. Ba kirkin Masedoniyawa ba ne, lissafi ne. Su kuwa na Preshevo sun fi son kwatanta kansu da Sabiyawan Kosovo, masu kujera 10 da aka keɓe musu cikin 120 da harshensu na hukuma a duk ƙasar. Wannan ne ma ya sa Belgired ke toshe kunne: da zarar an ce a yi musu daidai da na can, sai ta ga an mai da maganar ta ƙasa da ƙasa.

Malama Rabi:
Kuma maganar musayar yanki da Thachi shugaban Kosovo da Vuchich shugaban Sabiya suka taso da ita a 2018, a ba da arewacin Kosovo a karɓi kwarin, ba ta amfane su da komai ba. Jamus ta ƙi, maganar ta mutu, abin da ya rage shi ne zargi. Wane mai jari ne zai kafa masana'anta a garin da ake cinikin ƙasar da zai kasance? Sansanin soja mafi girma a kudu, wanda aka buɗe a 2009, yana bakin Buyanovats. Tsohuwar masana'antar taba ta Preshevo kuwa sansanin 'yan gudun hijira ta koma. Tuta ma rigima ce: dokar 2002 ta ce alamar tsiraru kada ta zama iri ɗaya da tutar wata ƙasa, su kuma ba su san wata tuta ba sai ja mai baƙar gaggafa, don haka bayan bikin ranar tutar Albaniyawa na 28 ga Nuwamba akan ji an kai wasu kotu an ci su tara.

Ɗan Auta:
To wanda abin ya faɗa wa, a aikace me zai yi?

Barista Zainab:
Farko kada ya yarda da maganar baki. Ya rubuta takardar neman kwafin hukuncin da na rahoton binciken da 'yan sanda suka yi, ya miƙa ta teburin karɓar wasiƙu a buga masa hatimi da kwanan wata, ko ya aika ta wasiƙar rajista ya ajiye rasit. Dalili: wa'adi daga ranar da aka isar masa yake fara ƙirguwa, in ba a isar ba yana da hujjar cewa bai fara ba. Rahoton zai nuna sau nawa aka zo, wace rana, ƙarfe nawa, wa aka tambaya. Zuwa uku duk a lokacin aiki cikin mako guda ba ya tabbatar da cewa mutum ya tashi.

Sai ya tara shaidar cewa nan ce cibiyar rayuwarsa, don ma'anar mazauni a dokar ke nan, ba kwana kullum ba: takardar mallakar gida daga ofishin safiyo, rasit na harajin gida, takardar wuta mai nuna an sha wutar, ba mita a tsaye ba, katin asibitin garin, shaidar makarantar yara in suna nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne kawo takardar gida kaɗai. Mallaka daban, zama daban. Na biyu shi ne barin kati ya mutu kafin a fara, domin ba ka ba lauya wakilci a gaban notari sai da shaida mai rai.

In ya ɗaukaka ƙara ga ma'aikatar cikin gida ta ƙi, kotun gudanarwa cikin kwana 30. Bayanta ƙorafi ga kotun tsarin mulki, shi ma kwana 30. Sai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Sitirasbog, wadda tun Fabrairu 2022 wa'adinta wata 4 ne, ba 6 ba kamar da. Akwai kuma sashe na 11 na dokar mazaunin, wanda ya ce in mutum ba shi da inda zai rubuta, hukuma ta sa masa adireshin mata ko miji, ko na iyaye, ko na ofishin jin daɗin jama'a na yankin. An yi shi ne musamman don Romawa masu zama a unguwannin da ba su da lamba.

Alhaji Tanko:
To ai ga mafita nan a cikin dokar.

Barista Zainab:
Sai ya fara gamsar da su cewa a yankin yake zaune, ranka ya daɗe. Kuma ofishin da ya ce ba ya nan, shi ne dai zai sake fita dubawa.

Dokta Ilu:
Alhaji, ga abin da zai raba mu gardama, kuma ba ya buƙatar sojan kowa. Ma'aikatar cikin gida ta fitar da jadawali mai layi huɗu ga kowace ƙaramar hukuma, shekara-shekara daga 2012: adireshi nawa aka kashe, wa ya nemi a duba, nawa aka isar wa mai shi hannu da hannu, nawa aka farfaɗo bayan ƙara. Layi na biyu ne zai yi magana. In masu gidajen haya da kotunan bashi ne ke nema a Medveja kamar yadda suke nema a Novi Sad, ka ci gari. In kuwa hukuma ce ke aika kanta ƙauyukan Tupale da Sviritsa, sai ka ba Malam Habu amsar tambayarsa.

Alhaji Tanko:
A ƙara layi na biyar: mutum nawa aka rubuta a kowane gida. In an kawo duka biyar ɗin, zan duba.